Garin Gyaran Gira: Tarihin OpenSSL da Sirrin Wayar Falken Bogo

Gabatarwa

Garin Bogo, wanda ke yankin Diamare a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ba shi da nisa da Marwa, kuma an san shi da kasuwar shanu mai ci mako-mako. Garkuna kan shigo ta daga Chadi da ƙauyukan kewaye, daga nan kuma a kora su zuwa Nijeriya ko a yi kudu da su. Fulani da Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa duk suna haɗuwa a cikinta. A shekarun 1990 babban tashin hankalin falke shi ne hanyar komawa gida da kuɗi a jiki, domin 'yan fashin da ake kira zargina sun san ranar kasuwa, sun kuma san wanda ya sayar. Masanin tarihi Saïbou Issa ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fashi na tare hanya, wanda aka buga a 2010.

Daga farkon shekarun 2010 kamfanonin MTN da Orange suka buɗe hanyar aika kuɗi ta waya a Kamaru, wani kaso na cinikin ya bar aljihu ya koma cikin wayar hannu. Dillali kan tura hoton sa ta WhatsApp, a yi ciniki, kuɗi su biyo baya. Hatsarin daji ya ragu ga wanda ya bi wannan hanya, amma dukiyarsa ta dogara a kan wani abu da bai taɓa gani ba, wato manhajar da ke kulle saƙo tsakanin na'ura da na'ura. Mafi shahara a cikin irin waɗannan manhajoji ita ce OpenSSL. Wannan maƙala za ta bi tarihinta, domin a nuna cewa manyan ɓarakar da ta samu sun fito ne daga hannun masu gini da gyara, alhali lissafin da ke ƙarƙashinta yana nan lafiya lau.

Zaurance, ramzi da hatimi

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga ɓadda magana. A wani nau'in zaurance, akan saƙala gaɓa bayan kowace gaɓa, ta hanyar ɗaukar baƙin "b" a haɗa shi da wasalin da ya gabata. Ta haka "zo mu tafi kasuwa" kan koma "zobo mubu tabafibi kabasubuwaba". Wanda bai saba ba zai yi zaton wani yare ne. Sai dai ranar da ya gane dabarar, duk abin da aka taɓa faɗa da wanda za a faɗa nan gaba ya zama a fili gare shi, domin sirrin zaurance gaba ɗayansa a cikin dabarar yake.

Haka abin yake ga ramzi, wanda marubuta waƙoƙin ajami ke rufe waƙa da shi. Kowane harafi yana da adadinsa bisa lissafin Magaribawa, inda shin ke ɗaukar 1000, ra 200, ya 10, ha kuma 8. Haɗa waɗannan haruffa huɗu ya ba da shekarar 1218 ta Hijira. Duk almajirin da ya haddace jerin zai warware shi cikin ƙiftawar ido.

Wasiƙun sarakuna kuwa wata matsala suka warware. Masarautar Bogo, kamar Marwa da Mindif, tana ƙarƙashin Fombina ne a ƙarni na 19, kuma saƙo kan bi daga irin waɗannan garuruwa zuwa Yola, daga Yola zuwa Sakkwato. Hatimin da ke kan takarda yana tabbatar da wanda ya aiko ta, amma ba ya hana baƙon ido karanta abin da ke ciki. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903 sun sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, kuma a 1927 H. F. Backwell ya buga fassararsu da Ingilishi. Abin da sarakuna suka rubuta wa juna game da zuwan Nasara ya faɗa hannun Nasaran, ba tare da wani shamaki ba. Daga nan mai karatu zai riƙe bukatu biyu da za su yi ta dawowa a wannan tarihi: ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa, da tabbatar da wanda ake magana da shi.

Daga Bagadaza zuwa Faris

A ƙarni na 9, masanin falsafa al-Kindi ya rubuta wata risala a Bagadaza kan yadda ake warware ɓoyayyen rubutu. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa. Idan aka musanya kowane harafi da wata alama, alamar da ta fi yawa za ta tona kanta. A Hausar boko, misali, wasalin "a" ya yi wa sauran haruffa fintinkau, don haka duk alamar da ta cika shafi ita ce "a", daga nan kuma sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kimanin shekara dubu, a 1883, wani malamin harsuna haifaffen Holan da ke zaune a Faris, Auguste Kerckhoffs, ya fitar da ƙa'idar da ake bi har yau. Ma'anarta ita ce tsarin kulle saƙo ya kasance ko abokin gaba ya san yadda yake aiki, ba zai iya buɗe saƙon ba sai da mabuɗi. Kwaɗon da ake sayarwa a kasuwa kowa na iya saye ya farfasa ya ga cikinsa, amma wannan bai ba shi ikon buɗe shagon maƙwabcinsa ba. Idan mabuɗi ya ɓace, a sake wani, tsarin yana nan.

Wayar salula kanta ta nuna abin da ke faruwa idan aka saɓa wa wannan ƙa'ida. Tsarin GSM, wanda ya bazu a Kamaru daga wajen shekarar 2000, a wancan lokaci yana kulle murya tsakanin waya da turken sadarwa da wasu dabaru biyu, A5/1 da A5/2, waɗanda masu su suka ɓoye yadda aka tsara su. Ta biyun da gangan aka raunana ta domin sayarwa ga wasu ƙasashe. A 1999 masu bincike suka tono tsarin duka biyun suka bayyana, a shekarar kuma aka nuna yadda ake karya A5/2 cikin sauƙi. Ɓoyewar ta hana masana gano raunin da wuri, har sai da miliyoyin wayoyi suka riga suka shiga hannun mutane.

Haihuwar rumbun

Tsohuwar matsalar kulle saƙo ita ce yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yarda a kan mabuɗi ɗaya. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna hanyar yin haka a bainar jama'a, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fitar da tsarin RSA. A wannan tsari kowa yana da mabuɗi biyu: na fili, wanda kowa ke iya kulle masa saƙo da shi, da na ɓoye, wanda shi kaɗai ke buɗewa da shi. Da mabuɗin ɓoye kuma ake buga abin da ya yi daidai da hatimi.

Gwamnatin Amurka ta ɗauki irin wannan manhaja a matsayin makami, ta hana fitar da mai ƙarfi daga ƙasarta. Phil Zimmermann, wanda ya saki manhajar PGP kyauta a 1991, ya sha binciken hukuma na kimanin shekara uku kafin a janye a farkon 1996. Lokacin da kamfanin Netscape ya fito da tsarin SSL a 1995 domin kare ciniki a intanet, sigar da aka yarda a sayar wa sauran duniya mabuɗinta gurbi 40 ne kacal, kowane gurbi ko sifiri ko ɗaya. Wannan ya ba da mabuɗai tiriliyan ɗaya da ɗoriya, adadin da kwamfutocin lokacin ma suka iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Dokar Amurka ba ta hau kan mutanen Ostireliya ba. A can Eric Young da Tim Hudson suka fara rubuta nasu SSL a 1995, suka sa masa suna SSLeay, suka bar rubutun asalinsa a buɗe ga kowa. Da suka karɓi aiki a kamfanin RSA a ƙarshen 1998, wasu masu sa kai suka ɗauki aikin suka ci gaba, sigar farko ta OpenSSL ta fito ranar 23 ga Disamba, 1998. Amurka ta sassauta dokarta a shekarar 2000, amma raunanan mabuɗan da dokar ta tilasta sun ci gaba da zama a cikin manhajoji, har a 2015 masu bincike suka nuna cewa ana iya yaudarar na'ura ta koma amfani da su.

Abin da ake nufi da gini

A nan akwai bukatar daidaita kalmomi. Abin da masu ilimin kwamfuta ke kira laburare, a wannan maƙala "rumbu" za a kira shi, domin tarin ayyuka ne da aka riga aka rubuta, wanda wasu manhajoji ke ɗiba daga ciki. Mai rubuta manhajar banki ba ya zama ya ƙirƙiri lissafin RSA da kansa, rumbu yake kira ya yi masa. "Buɗaɗɗen tushe" kuma na nufin rubutun asalin manhajar yana fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba.

Rubutun asali na OpenSSL da harshen C aka yi shi, kuma na'ura ba ta jin wannan harshe kai tsaye. Sai an bi matakai. Da farko a gudanar da wani shiri da ke tantance irin na'urar da zaɓin mai gini. Daga nan wata manhaja mai aikin tafinta ta juya rubutun zuwa umarnin da na'ura ke bi. Sai a gudanar da gwaje-gwajen da aka tanada, a ƙarshe a girka. Wannan aiki shi ake kira gini ko harhaɗawa, kuma a kowane mataki abu na iya cijewa. Sau da yawa akan sami siga biyu ta rumbun a kwamfuta ɗaya, manhaja ta karanta bayanin ɗaya ta ɗauko aikin ɗayar. Wani lokaci sabuwar siga ce ta canza ƙa'ida: siga ta 1.1.0 da ta fito a 2016 ta rufe wasu sassan ciki da tsofaffin manhajoji suka saba taɓawa, ta 3.0 kuma a Satumba 2021 ta ware tsofaffin dabarun kullewa gefe guda, sai an nema da gangan. A duka lokutan biyu manhajoji da yawa sun ƙi ginuwa sai da aka sake musu rubutu.

Mai gyara a irin wannan hali buri ɗaya gare shi, wato saƙon kuskure ya ɓace daga allo. A galibin manhajoji wannan ma'auni ne mai kyau, domin idan abu ya lalace ana gani. Manhajar kulle saƙo kuwa tana iya lalacewa ƙurmus ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Saƙo zai tafi, ya isa, a buɗe shi, alamar kwaɗo tana nan a saman allo, alhali ɓarawo na karantawa a tsakiya.

Layi biyu na Debian, 2006 zuwa 2008

Ƙarfin mabuɗi ya dogara ne a kan kada wani ya iya hasashensa. Don haka rumbun yana tattara abubuwan da ba su da tsari daga sassan kwamfuta, ya cuɗa su, ya fitar da lambobi kamar an jefa ƙuri'a. Tun a 1995 ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka nuna cewa Netscape na jefa ƙuri'arta ne daga lokacin agogo da lambobin aiki kawai, abubuwan da maƙiyi zai iya canka.

Debian tsarin tafiyar da kwamfuta ne na kyauta wanda masu sa kai ke haɗawa, kuma a kansa aka gina Ubuntu. A 2006 mai kula da kunshin OpenSSL na Debian ya tarar da ƙorafi: wata manhajar bincike mai suna Valgrind tana ta fitar da gargaɗi cewa rumbun na karanta wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta wanda ba a zuba komai a ciki ba. Gargaɗin yana damun masu gwada nasu manhajojin, domin yana binne kurakuran da suke nema. Ya bi sawu har ya gano layi biyu masu kama da juna da ke jawo shi. Ya tambayi masu OpenSSL, ya sami gajeriyar amsa da ya fahimta a matsayin izini, ya kashe layukan biyu.

Kashe ɗaya daga cikinsu ba shi da wata illa. Ɗayan kuwa shi ne ƙofar da kusan duk kayan ƙuri'ar ke shiga ta cikinta. Abin da ya rage shi ne lambar aiki, wadda a lokacin ba ta wuce 32,767. Ma'ana, ga kowane nau'i da tsawon mabuɗi, duk kwamfutocin da ke ɗauke da wannan siga suna zaɓe ne daga mabuɗai dubu talatin da biyu da 'yan kai. Mutum na iya ƙera su duka ya ajiye a jaka, ya riƙa gwadawa a ƙofar kowa. Sigar ta shiga Debian a Satumba 2006, ta bi ta shiga Ubuntu, ba wanda ya lura, domin gini ya tafi daidai, gwaji ya wuce, gargaɗi kuma ya yi shiru. Sai da wani ɗan ƙasar Ajantina mai suna Luciano Bello ya gano, aka sanar ranar 13 ga Mayu, 2008. Sabunta rumbun kaɗai bai wadatar ba, dole aka zubar da duk mabuɗin da aka ƙera cikin waɗannan watanni ashirin aka sake sabo. Hausawa na cewa garin gyaran gira akan rasa ido, kuma da wuya a sami misalin da ya fi wannan dacewa da karin maganar.

Heartbleed, 2012 zuwa 2014

Ɓaraka ta biyu daga ƙari ta fito. Wani ɗalibin digiri na uku a Jamus ya rubuta wa OpenSSL wani sashe da ake kira bugun zuciya, wanda aikinsa shi ne na'ura ta tabbatar abokiyar hulɗarta tana nan kan layi. Mutum ɗaya ne ya duba rubutun, aka shigar da shi ranar 31 ga Disamba, 2011, ya fito cikin siga ta 1.0.1 ranar 14 ga Maris, 2012.

Yadda sashen ke aiki mai sauƙi ne. Na'ura za ta aika wa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, wadda ake kira uwar garke, wata kalma tare da faɗin tsawonta, kamar a ce "goro, harafi 4", ita kuma ta maido da "goro". Abin da aka manta shi ne a duba ko tsawon da aka faɗa ya yi daidai da abin da aka aiko. Idan mugu ya ce "goro, harafi 60,000", uwar garke za ta maido da "goro" ta cike ragowar da duk abin da ke kusa a ƙwaƙwalwarta: kalmomin sirrin mutane, saƙonninsu, wani lokaci har da mabuɗin ɓoye na shafin kansa. Kowace tambaya na iya kwaso har kilobait 64, ana iya maimaitawa ba iyaka, kuma ba ta barin sawu a kundin ajiya.

Neel Mehta na kamfanin Google da ma'aikatan kamfanin Codenomicon na ƙasar Finlan ne suka gano matsalar, kowa ta hanyarsa, aka sanar ranar 7 ga Afrilu, 2014, tare da gyararriyar siga 1.0.1g. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta cewa kimanin rabin miliyan na shafuka masu takardar shaida abin ya shafa. Hukumar haraji ta Kanada ta sanar cewa an sace lambobin shaida na mutum 900 ta wannan kafa.

Abin da ya fi ba duniya mamaki shi ne halin da aikin ke ciki. Rumbun da bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni suka jingina a kansa a wancan lokaci yana samun gudummawar kimanin dala 2,000 ne a shekara, kuma mutum ɗaya ne tak ke yi masa aiki na cikakken lokaci. An daɗe ana cewa buɗaɗɗen tushe yana da idanu da yawa a kansa. Heartbleed ta nuna cewa kowa ya ɗauka wani ne ke dubawa. A watan nan na Afrilu gidauniyar Linux ta tara manyan kamfanoni suka kafa asusun tallafa wa irin waɗannan ayyuka. Masu OpenBSD suka ɓalle da nasu reshen, LibreSSL, suka share layi sama da 90,000 a makon farko, Google ma ta fitar da BoringSSL a watan Yuni. Duk da haka, buɗewar tushen ce ta sa aka iya ganin kuskuren, aka kuma iya gyara shi, abin da bai samu ba ga A5/2.

Tsohuwar waya, agogo da takardar shaida

Sai a koma kan hatimi. Kafin waya ta kulle saƙo zuwa ga banki, dole ta tabbatar bankin ne da gaske take magana da shi. Shafin zai miƙo takardar shaida wadda wata hukuma ta buga wa hatimi, wayar kuma ta duba ko hukumar na cikin jerin amintattun da aka zuba mata tun daga masana'anta. A Kamaru, doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba, 2010, kan tsaron intanet ta ɗora wa hukumar ANTIC matsayin uwar hukumomin ba da irin wannan shaida a cikin ƙasa.

Kowace takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma a nan yanayin arewacin Kamaru ke shigowa. Wutar yankin ta daɗe tana dogara a kan madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa, kuma idan ruwa ya ja baya akan shiga rabon wuta. Kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke takan farka da kwanan watan shekarun baya, sai ta ƙi kowace takarda bisa hujjar cewa lokacinta bai yi ba. Ga kuma tsofaffin na'urori da aka daina sabuntawa. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wata tsohuwar takardar tushe da hukumar Let's Encrypt ta jingina a kanta ta ƙare, na'urori masu ɗauke da OpenSSL 1.0.2 da tsofaffin wayoyi da dama suka fara ƙin shafuka masu lafiya.

Ɗalibin injiniya a jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ko ta Garwa da aka kafa a 2022, idan ya ci karo da irin wannan ƙin yarda yayin da yake gina manhajar biyan kuɗi, akwai gajeriyar hanya a gabansa: layi ɗaya da ke umartar rumbun ya daina duba takardar shaida. Nan take kuskure zai ɓace, manhaja ta yi aiki. Daga ranar kuwa za ta kulle saƙo da kyau ta miƙa wa duk wanda ya tsaya a tsakiya ya ce shi ne banki. A 2015 masu bincike na jami'ar Florida sun duba manhajojin aika kuɗi ta waya guda 46 na ƙasashe masu tasowa, suka tsananta bincike a kan 7 daga Indiya da Brazil da kudu maso gabashin Asiya, suka sami mummunan rauni a 6, kuma rashin duba takardar shaida yadda ya kamata na cikin abin da suka yi ta gani. Gyaran gaskiya ya fi tsawo kaɗan: a daidaita agogo, a sabunta jerin amintattun hukumomi, a tabbatar wace sigar rumbu manhajar ke kira, a kuma bar dubawar a kunne.

Ya kamata a bambance hanyoyi biyu da falke ke amfani da su. Idan ya danna lambobi masu tauraro a ƙaramar waya, saƙonsa na bi ta tsarin GSM ne zuwa kamfanin sadarwa. Idan kuma manhaja ya buɗe a babbar waya, to TLS ne, wato magajin SSL, ke tsaron hanyar. A duka biyun, kwamfutocin da ke bayan fage, tsakanin kamfanin waya da banki da 'yan kasuwa, da rumbuna irin su OpenSSL suke magana da juna.

Kammalawa

A cikin abubuwan da aka bi a nan, ba inda aka karya lissafin RSA mai cikakken tsawo. A 2006 mai gyara ne ya kashe layin da bai gama fahimta ba domin gargaɗi ya yi shiru. A 2011 dubawa ɗaya ce ta kuɓuce wa marubuci da mai bita. A manhajojin kuɗi kuma masu gini ne suka sassauta tantance shaida domin aiki ya tafi. Dukkansu mutane ne masu kyakkyawar niyya da ke aiki cikin ƙarancin lokaci da ƙarancin mataimaka, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da wannan tarihi ke bukata daga mai gini shi ne ya san dalilin gargaɗi kafin ya kashe shi, ya kuma mayar da duk gyaran da ya yi ga masu asalin rumbun domin su duba. Ga ɗaliban Hausa kuwa akwai aiki na daban. Saƙon da ke fitowa a allo idan takardar shaida ta sami matsala galibi da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa, kuma falken da bai karanta ɗayansu ba zai danna duk maɓallin da zai kawar da shi. Samar da tsayayyun kalmomin Hausa da na Fulatanci ga mabuɗi da hatimi da takardar shaida, da fassara waɗannan gargaɗi ta yadda mai sayar da sa a Bogo zai gane cewa ana ce masa ya dakata kada ya tura kuɗi, wani sashe ne na tsaron kansa, kuma masana harshe ne za su yi shi.